Wane gudu ne ya fi tsimin fetur a jirgin ruwa mai inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako mai tsawon kamar mita 16 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ina ɗaukar fasinja da buhunan hatsi daga Yawuri zuwa kasuwannin bakin tafkin Kainji. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mai ke cinye mafi yawan cinikina. Wasu abokan sana'a sun ce in riƙa murɗa totur har ƙarshe, in na isa da wuri injin bai daɗe yana shan mai ba. Wasu kuma sun ce tafiya a hankali ta fi. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Masu cewa ka ƙure totur sun yi kuskure, musamman ga jirgi irin naka. Amma masu cewa a hankali ma ba su gaya maka iya hankalin ba, kuma nan ne kuɗin yake.

Ka daina tambayar lita nawa injin ke sha a awa. Ka tambayi kilomita nawa lita ɗaya ke kai ka, don ba awa fasinja ke biya ba, tafiya suke biya.

Jirgin katako mai lodi ba ya hawa saman ruwa, ratsa shi yake yana ture shi gefe. Yana tafiya yana tayar da igiyar ruwa, ɗaya a goshi ɗaya a baya, kuma da ƙaruwar gudu igiyar ke ƙara girma da tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. Daga nan jirgin ya zauna a kwarin igiyar da ya tayar, goshi sama, baya ƙasa, kamar babbar mota mai lodi a kan hawa. Masu ƙera jirage suna da lissafin wannan iyaka, tsawon jirgi ne ke yanke ta: mai mita 9 kusan kilomita 13 a awa, mai mita 16 irin naka kusan 18. Dogon siririn jirgi kan ɗan zarce haka, amma da tsadar mai. Tun kafin a kai iyakar ma, ƙarin gudu na kashi 10 cikin ɗari yana neman ƙarin ƙarfin inji kusan kashi ɗaya bisa uku.

Bari mu buga lissafi a matsayin misali. Inji mai doki 40 wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai yakan sha kusan lita 20 a awa idan an ƙure shi. A ce tafiyarka kilomita 18 ce, ka ƙure totur ka isa cikin awa ɗaya: lita 20 ta tafi. Ka sassauta zuwa kilomita 15 a awa, shan man ya sauko wajen lita 12 a awa, tafiyar ta ɗauki awa ɗaya da minti 12, wato kusan lita 14. Ka rage lita shida da jinkirin minti 12. Ka ninka da zuwa da dawowa, ka ninka da ranakun kasuwa a wata.

Lambobin jirginka ba za su zo daidai da waɗannan ba, sai ka auna da kanka, kuma ba wuya. Ka zaɓi wurare biyu da ka sani, kamar daga mashaya, wato inda jirage ke tsayawa a bakin ruwa, zuwa wani tsibiri. Ka cika tanki zuwa wata alama, ka yi zuwa da dawowa da lodin da ka saba, ba tare da ka taɓa totur ba. Dawowar dole ce, don ruwa da iska suna taimakon ɓangare ɗaya suna cutar ɗayan. Sai ka sake cikawa da gorar lita ɗaya kana ƙirgawa. Ka maimaita a rabin totur, a kashi uku bisa huɗu, da kuma a ƙure. Kowace wayar zamani tana iya nuna gudu da nisa da manhajar GPS. Inda ka ga ya fi, ka ɗiga fenti a hannun totur don yaran jirgi ma su sani. Ko ba awo, idonka na iya gaya maka: ka waiwaya baya, in igiyar da kake bari ta yi tudu, bayan jirgin ya nutsa, ƙarar inji ta ƙaru amma gaɓa ba ta ƙara saurin wucewa ba, to ka wuce wurin. Sassauta har jirgin ya kwanta daidai.

Kogi yana da nasa hukuncin. Idan kana fuskantar ruwa lokacin da kogin Kwara ya cika, sanyin gudu asara ne. Jirgin da ke yin kilomita 8 a awa a ruwan da ke gangarowa da kilomita 4, rabin aikinsa kawai ke kai shi gaba, injin kuwa yana ta sha. A hawa ka ɗan ƙara totur, ka bi inda ruwan ba ya gudu sosai in dai akwai zurfi kuma ka san inda kututturan itatuwa suke. A gangara ka rage sosai, ruwa ya yi maka aiki.

Duk wannan na jirgin katako ne. Ƙananan jiragen fiba masu gudu, waɗanda ke tashi su hau saman ruwa, nasu daban ne: wurin da suka fi ɓarnar mai shi ne tsaka-tsaki, sa'ad da goshi ya ɗaga amma jirgin bai hau ba. Direba ya ba shi wuta ya hau, sannan ya rage kaɗan-kaɗan zuwa inda yake riƙe da kansa a sama.

Kafin ka yi awon, ka duba farfela. Wadda ta lanƙwashe ko ta gutsure a yashi, ko guntun koma ya naɗe ta, za ta ɓata maka lissafin duka. Haka gansakukar da ta kama cikin jirgi, da ruwan da ya taru a ciki ba a kwashe ba, da buhunan da aka jibge wuri ɗaya a baya. Lodin da ya wuce kima kuwa, ban da haɗarin da kowa a bakin ruwan nan ya sani, yana nutsar da jirgin ya ƙara masa ruwan turewa. Kuma irin injinka ba ya son doguwar tafiya da totur ƙasa ƙwarai, fulogi kan yi baƙi. Idan ka daɗe a hankali, ka buɗe masa wuta na 'yan mintuna kafin ka isa mashaya.