Ta ina aka san shekarun curin taurari?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Naji ance akwai curin taurari masu shekara biliyan 12, wai ta ina aka ƙirga tunda ba wanda yake nan lokacin?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena. Toh ai man da tauraro ke sha ake dubawa. Curin nan da ake kira gulobula taurari ne dubu ɗaruruwa a dunƙule kamar ƙwallo, kuma kusan lokaci ɗaya aka haife su duka, nan dabarar take. Ka ɗauka an tada janareta ɗari da magariba, manya da ƙanana, kowanne tanki cike, babban duk da girman tankinsa shi zai fara mutuwa saboda zuƙar mai, in kazo tsakar dare kaji waɗanda har yanzu suke ƙara ai zaka iya faɗin awa nawa kenan da tadawa. Haka tauraro yake da haidurojin ɗinsa. Ranarmu nata zai kaita wajen shekara biliyan 10. A curi irin M92 duk mai nauyin rana ya daɗe da shanye nasa, waɗanda ke dab da ƙarewa yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta ne, lissafi sai ya bada biliyan 12 zuwa 13. Kaza da 'ya'yanta kuwa manyanta shuɗɗa na nan daram, bata wuce miliyan 100 da ɗoriya ba.

Wahalar a auna nisan curin take, don sai an san nisa ake sanin ainihin hasken tauraro da nauyinsa. Kafin 1997 har biliyan 15 ake samu, sama da shekarun da ake ba sararin samaniyar kanta, ɗa ya girmi uba kenan. Sai ma'aunin kumbon Hipparcos ya nuna curin sun fi nisan da ake zato, wato taurarinsu sun fi haske da nauyi, masu saurin shan mai kenan, shekarun suka sauko.

Ni abin da yafi burge ni shine labarin da curin nan suke bayarwa kan yadda aka samu rawanin taurarin da ya lulluɓe galaksinmu, wato babban gungun taurarin da ranarmu ke ciki. A 1962 masana Eggen, Lynden-Bell da Sandage sukace gajimaren gas ɗaya ne ya rufta cikin sauri, a 1978 Searle da Zinn sukace a'a, ƙananan galaksi aka yi ta haɗiyewa sannu a hankali. Bayanan kumbon Gaia na 2018 sun nuna wata haɗiyar da akayi wajen shekara biliyan 10 baya.

Watan Mayu in gari ya washe ka fita wajen Shika inda ba fitilu, ka dubi kudu can ƙasa ƙasa, zakaga curin gulobula mai suna Omega Centauri dishi dishi kamar ɗigon auduga. Masana da yawa na ganin ita ma cibiyar wata ƙaramar galaksi ce da tamu ta cinye.