Ƙawa, zanen aro da makami: amsar tambayoyinku kan cinikin makamai

Tambayoyin wannan makon duk sun taso ne daga labaran sayar wa ƙasashen waje makamai.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada ya ce: Malam, me ya sa rediyo ke cewa "Amurka da ƙawayenta", alhali ƙawa ta mata ce?

Ɗana, nahawu ne ya jawo. Ƙasa a Hausa tamace ce, shi ya sa muke cewa Najeriya ta ce, Faransa ta janye. Mace da mace kuwa ƙawaye ne. Amma kalmar ta dace fiye da yadda ake zato. Dubi ranar biki: akwai wadda ke zaune gefen uwar amarya da littafi da biro tana rubuta wadda ta kawo atamfa da wadda ta kawo kuɗi, don ranar nata bikin a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Ƙawancen ƙasashe ma da littafinsa yake tafiya. Kada dai ka musanya ƙawa da aminiya, domin amini shi ne wanda ka ba amana ba tare da lissafi ba, kuma da wuya kalmar ta zauna a labarin cinikin makamai.

Wani dattijo daga Kakuri ya ce: A majalisarmu wani ya ce jiragen Super Tucano da muka samo daga Amurka "zanen aro ne, ba ya rufe katara". Na ce ai kuɗi muka biya, ina aro a nan? Wa ke da gaskiya?

Baba, ta fuskar kalma kai ne da gaskiya. Aro shi ne ka karɓi abu ka mayar da shi kansa, kamar tabarma ko tsani. Rance ka mayar da kwatankwacinsa, kamar mudun gero. Bashi kuwa abin da ke kanka ne har ka biya. Jiragen nan 12 saye ne, kusan dala miliyan 500, haɗe da horon matuƙa da kayan gyara da bama-bamai.

Sai dai karin magana ba ta bin rasit. Katara ita ce gefen ƙugu zuwa saman cinya, kuma zanen aro bai rufe ta saboda dalili biyu: ba da awon mai ɗaurawa aka yanka shi ba, sannan mai shi na da ta cewa a kansa. Dukansu biyun suna cikin wannan ciniki.

Ga yadda ake yinsa. Mai saye zai rubuta takardar buƙata. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta duba, in ta yarda a sanar da majalisar dokoki, wadda ke da kwana 30 ta nuna ƙin amincewa (kwana 15 ne kawai ga ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO da wasu 'yan gaban goshi irin su Japan da Isra'ila). Daga nan a aiko takardar tayi, a sa hannu, a biya, sannan a soma ƙira. Namu cinikin ya yi tuntuɓe a Janairun 2017, bayan jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. An sanar da majalisa a watan Agusta na shekarar, shida na farko kuwa ba su iso ba sai Yulin 2021. Shekara huɗu ke nan, ana cikin yaƙi.

Bayan kaya sun iso ma akwai sharaɗi: ba ka sayar wa wani ko ka ba shi sai da izinin wanda ya sayar maka. A 2014 Najeriya ta nemi jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, tunda ƙirarta ne. Isra'ila na riƙe da zane, amma ba ta isa ta ɗaura wa wata ba.

Igiyar da ta fi ƙarfi ita ce kayan gyara. Jirgin yaƙi yana da sassan da ake canzawa bayan ƙayyadaddun awoyin tashi, ko sun lalace ko ba su lalace ba, kuma ba a samunsu a kasuwar Panteka ta Kaduna. Sarkin Iran ya karɓi jiragen F-14 guda 79, sai juyin juya halin 1979 ya ɓata tsakaninsu da Amurka, aka tsuke bakin aljihun kayan gyara, dole suka riƙa farke wani jirgin don a tayar da wani. Saboda haka, Baba, ku raba gardamar: kai ka ci a ƙamus, abokinka ya ci a ma'ana.

Wata malamar makaranta daga Kawo ta ce: Wace karin magana ce ta dace da mai sayarwa? Hikima ce ko kwaɗayi?

Malama, ya danganta da abin da ya kai shi. In maƙwabcin rikici ne da ke tsoron wutar ta iso gidansa, "in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa" ta yi. In yana so wani ya yi masa yaƙi da jinin 'ya'yansa shi kuma masana'antunsa su ci gaba da aiki, to "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ce. Gardi shi ne mai wasa da kura a kasuwa: takunkumi a bakinta, sanda a bayanta, kuɗin 'yan kallo a aljihunsa. Akwai kuma mai sayarwa don kada kishiya ta shige masa gaba. A yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Ingila ta ba da bindigogi ta hana jiragen yaƙi, sai Tarayyar Sobiyat ta kawo jiragen MiG, ta sami shiga inda da ba ta da ƙofa.

Wadda na fi so ki koya wa ɗalibai ita ce "kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa". Gwamnati kan faɗi, bindiga ba ta ruɓewa da wuri. Rumbunan makaman Libiya da aka fasa a 2011 sun taimaka wajen hura wutar arewacin Mali a 2012, kuma kayan da Amurka ta ba sojan Afganistan sun koma hannun Taliban a 2021. Mai sayarwar da ya ce bai yi tsammani ba, ban cika yarda da shi ba.

Malamar ta kuma tambayi asalin "makami". Daga "kama" yake, da ɗafin ma- na sunan kayan aiki, kamar mabuɗi daga buɗe da magirbi daga girba: abin da ake riƙewa a hannu. Bindiga da harsashi da albarushi kuwa daga Larabci muka aro su. Jam'in harsashi harsasai ne, kuma su ne masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, DICON, da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana ƙerawa tare da ƙananan bindigogi.