Gueuze ɗinka ba ta lalace ba, tsaminta na gado ne

Ɗan'uwa, ka ce an kawo maka tsarabar kwalaben giya biyu daga waje, ɗaya an rubuta mata gueuze, ɗayar baƙa ce wadda ta daɗe a gangar katako. Ka buɗe ta farkon ka ji tsami kamar kunun da ya kwana, shi ne kake tambaya ko zafin Kaduna ne ya ɓata ta. Kada ka zubar. Da gangan aka yi ta haka, kuma harshen da ya san burukutu da nono ya fi na mai shan kwalba zalla saurin gane ta.

Gueuze haɗi ne na wata giya da ake kira lambik, wadda ake yi a birnin Burasels na Beljiyam da ƙauyukan da ke kudu maso yammacinsa. Wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na hatsinta ɗanyar alkama ce, sauran kuma tsiron sha'ir. Idan an dafa ruwan ba a zuba masa yis. Ana juye shi a wani faffaɗan kasko marar zurfi ya kwana a buɗe, iskar dare ta zuba masa nata ƙwayoyin, sannan a ɗura a gangunan katako. Shi ya sa a lokacin sanyi kawai ake dafa ta, kamar daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga baya a haɗa mai shekara ɗaya da mai biyu da mai uku a rufe a kwalba, ƙaramar ta ci gaba da aiki a ciki ta ba da kumfa. Gidan giya na Cantillon da ke Burasels, wanda aka kafa a 1900, har yau haka yake yi.

Idan ka taɓa tsayawa inda ake dafa burukutu a Sabon Tasha ko Kakuri, ka ga rabin wannan aikin da idonka: a jiƙa jan dawa ta tsiro, a shanya a niƙa, a dafa ƙullun, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa. Dangin ƙwayoyin da ke tsamar da nono su ne ke aiki a can da nan. Bambancin kawai, burukutu kwana ɗaya ko biyu ne lokacinta, lambik kuwa shekaru.

To amma tsami iri-iri ne, kuma nan ne amsar tambayarka take. Tsamin nono mai laushi ne, yana kama gefen harshe, yawu ya tsinke, sannan ya wuce ya bar baki wasai. Shi ake nema. Tsamin ruwan khal kuwa hanci yake fara soka kafin ya kai baki, idan ka haɗiye ya karci maƙogwaro. Wasu ƙwayoyi ne ke mayar da barasa khal idan iska ta samu hanyar shiga, irin abin da ke faruwa da burukutun da ta wuce kwananta a buɗaɗɗiyar randa. Ɗan kaɗan daga cikinsa ba laifi ba ne, musamman a jar giya irin Rodenbach ta garin Roeselare, wadda ke daɗewa a manyan randunan katako. Amma idan ya rufe komai, ko ka ji warin sinadarin goge jan farce, an samu matsala.

Akwai kuma wani wari da ke tsorata sabon shiga, kamar na turke ko jiƙaƙƙiyar fata ko busasshiyar ciyawa. Wani yis ne mai suna Brettanomyces ke kawo shi, kuma a gueuze ado ne. Warin da ba a yafewa shi ne na amai ko ruɓaɓɓen man shanu. Haka nan yauƙi: idan ka tsiyaya ta tana ja kamar miyar kuɓewa, ƙwayar Pediococcus ce ta yi aiki. A ganga wannan yakan warware da kansa bayan watanni, sai dai bai kamata ya iso kofinka ba.

Wajen sha, kada ka sha ta da ƙanƙara a jikin kwalba yadda muka saba da sauran giya, sanyi yana kashe ƙanshi ya bar tsami tsirara. Wajen digiri 10 zuwa 12 ya isa, wato ka fito da ita daga firji ka ba ta minti goma, a zafin watan Afrilu ma biyar. Kafin nan a bar kwalbar a tsaye kwana biyu ta huta daga jijjigar hanya. Riƙe toshiyar da kyau domin tana da ƙarfi, tsiyaya a hankali, ka bar kamar yatsa ɗaya a ƙasa inda gurɓin yis ya kwanta. Shinshina tukuna. Kurɓin farko kada ka yanke hukunci a kansa, baki bai gama mamaki ba. Na uku ne ke faɗa maka gaskiya. Kuma ba a ɗanɗana ta bayan tsire mai yaji ko goro.

Baƙar kwalbar labarinta daban. Yawancin irinta a gangar wuskin Amurka mai suna bourbon ake ajiye su, domin doka a can ta ce sabuwar ganga da aka babbake cikinta za a yi amfani da ita, don haka tsofaffin suna da yawa a kasuwa. Abin da za ka nema shi ne ƙanshin banila da kwakwa da cakulan, da ɗan baurin katako mai kama da na jan dawa. Ita a ɗan fi barinta ta huce, kamar digiri 12 zuwa 14. Duba ƙarfinta a takardar: sau da yawa kashi 11 zuwa 15 ne, alhali kwalbar da aka saba sha a nan wajen 5 ce, saboda haka mutum biyu ko uku ke raba ɗaya, kuma wanda zai tuƙa mota ya haƙura. A wannan, tsami alamar ɓaci ne sai in takardar ta faɗi haka.

Abin da zafinmu ke yi wa giya a gaskiya shi ne tsufar da ita da wuri. Ƙanshi ya dushe, ta koma ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Kada ka bar ta a bayan mota ko kusa da taga. Idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, lungun ɗaki mai duhu kusa da randar ruwa ya fi firjin da ke sanyi da dare ya yi ɗumi da rana. Ita kuwa wadda ka riga ka buɗe, toshe ta da kyau ka shanye cikin kwana ɗaya ko biyu kafin kumfarta ta mutu.