Jikina ba kauri, amma tumbina ya fito

Tambaya: Likita, ni ba mai ƙiba ba ne, sai dai tumbina ya fito sosai. An ce ya fi ƙibar cinya haɗari. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Akwai kitsen ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke lulluɓe da hanji a can cikin ciki. Na biyun ne abin tsoro, domin maiƙon da yake saki yana bin jijiya kai tsaye zuwa hanta. Hanta ta tara kitse, jiki ya rage jin insulin (sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini), ciwon suga ya samu ƙofa.

Ka ɗauki tef ɗin tela, ka tsaya, ka zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi. Kada ka tsuke ciki, kuma kada ka auna ƙasan tumbi inda wando ke zama, nan mutane suka fi kuskure. Awon kada ya kai rabin tsayinka: mai santimita 170, ƙasa da 85.

Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyi, da motsa jiki na minti 150 a mako, sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 ga masu haɗarinsa. Fara da barin lemon kwalba da rage sukarin shayi da koko.