Ku Tambayi Anti Nas: Maigidana ba ya barci idan hadari ya haɗo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Alajo, yaranmu huɗu. Maigidana direban trotro ne, wato motar haya ta bas. Yana cikin waɗanda suka fake wa ruwa a gidan man da ke shataletalen Circle a Accra daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da wuta ta tashi a kan ambaliya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yaron motarsa bai fita ba. Tun daga nan, da hadari ya haɗo sai ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya kwana a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Abu kaɗan sai ya daka wa yara tsawa. Surukata ta ce iska ce, an sha rubutu an yi hayaƙi. Abokansa kuma suna cewa ya cika raki. Na gaji, Anti. Yaya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Alajo, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada, ya jiƙan yaron nan da sauran mutum fiye da 150 da suka rasu a daren.

Takalmin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Mijinki gadi yake yi, kuma ku yake gadi. Wancan dare ruwa da wuta sun zo masa ba shiri, ya rasa yaron da ke hannunsa, shi ya sa jikinsa ya ƙudura ba za a sake samunsa a kwance ba. Duk wanda ya ga mutuwa ido da ido, zuciyarsa na bugawa, barci ya ƙaurace masa. Yawancin mutane abin yakan lafa cikin 'yan makonni. Idan ya haura wata guda ana mugun mafarki, ana zabura, ana gudun duk abin da ke tuno da ranar, likitoci suna kiransa PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ba hauka ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Annabi Yakubu, Alaihis Salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa sai da ya mayar da idanunsa fari.

Bari in ba ki labarin abin da na gani a unguwarmu, Nima. Bayan turmutsutsun filin ƙwallon Accra na 9 ga Mayu 2001, inda mutum fiye da 120 suka rasu, ɗan maƙwabciyata ya dawo gida da ransa, amma ya daina zuwa masallaci. Aka yi ta tsegumi wai ya lalace. Ashe da an tayar da sallah kafaɗu sun matse shi, sai numfashinsa ya ɗauke. Wani tsohon tela ne ya gano. Bai yi masa wa'azi ba, bai ma tambaye shi komai ba. Kullum sai ya riga kowa zuwa, ya shimfiɗa buzunsa a ƙarshen sahu dab da ƙofa, ya bar gurbin mutum ɗaya a gefensa. Da yaron ya leƙo sai ya yafito shi da hannu. Sun kusa shekara a haka kafin wata rana, suna shan ataya a shagon, yaron ya buɗe baki da kansa. Ina aikin jinya a lokacin, amma a wajen dattijon nan na koyi cewa mai firgici yana bukatar ya ga ƙofa a buɗe, ya kuma ga mutum a kusa.

To ke ma kada ki ɓoye takalmin, kada ki matsa masa sai ya ba ki labarin daren. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan tilasta wa mutum ya amayar da abin da ya gani. Ranar da gari ya yi wasai, ki kai masa kokonsa da ƙosai, ki ce, "Maigida, idan ruwa ya sauko, me zan yi maka da zai sa ka ɗan samu natsuwa?" Ki bar shi ya zaɓa. Idan zaman bakin ƙofar yake so, ki jawo kujera ki zauna tare da shi.

Kuma tsoronsa yana da tushe, tunda kuna bakin kogin Odaw. Ku tara mutanen gidanku kafin damina: wa zai ɗauki yara, wa zai kama tsofaffi, gidan wa za a hau. Katin Ghana da na inshorar lafiya a ɗaure su a leda a rataye a sama. Ku ba maigidanki jagorancin wannan shiri da na yashe kwata. Na tabbata a layinku ba shi kaɗai ke kwana ido biyu ba, kowa dai ya yi shiru da nasa ne.

Surukarki kuwa kada ki ja da ita, ɗanta take nema wa sauƙi. A ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti. Tun dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, Act 846, ana ƙoƙarin kawo wannan kulawa kusa da jama'a. Ku je babban asibitin da ke kusa da ku, ku nemi nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai an kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ba. Ciwon yana jin magani ko an shekara goma, musamman zaman tattaunawa da ƙwararre. Idan ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi limaminku ko wani dattijon direba da yake jin nauyinsa ya raka shi.

Amma idan ya fara zancen gara ya mutu, ko shan tramadol, ko ɗaga miki hannu, ranar za ku tafi, kada a jira gobe. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a dokar Ghana, ba wanda zai kama shi.

Kin ce kin gaji, kuma na yarda. Ki samu mace ɗaya mai riƙon amana, ko a cikin 'yan adashinku, wadda za ki riƙa sauke mata naki nauyin. Yaran kuma ki gaya musu Baba ba ya jin daɗi idan ana ruwa, ba laifinsu ba ne. Ki sake rubuto mini bayan ruwan Yuni, ina son jin yadda kuka kwana.