Albasar Kwaɗina Ta Ƙi Fure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da ƙanena ya haƙo mini albasar kwaɗi daga fadama, na dasa ta a tsohon bokitin fenti a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ganye kam ba a magana, amma ko sau ɗaya ba ta yi fure ba. Da rani kuma sai ta bushe ƙurmus, har na kusa zubar da ita. Ina matsalar take?
Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zubar, ba mutuwa ta yi ba, barci take. Haka take yi a daji: ganye ya bushe da rani, ƙwayar ta kwanta a ƙasa, ruwan farko na sauka wajen Mayu ko Yuni sai ki ga kara ya ɓullo ɗauke da fararen furanni masu jan zane a tsakiya.

Abin da na fi zargi shi ne inuwar mangwaron nan. Shuka ce da ta saba da fili, ki mayar da bokitin inda zai sha hantsi sosai. Sai kuma haƙuri, don ba ta son a tayar da ita daga inda ta zauna. Tawa da na dasa kusa da rijiya sai a damina ta uku ta yi fure, bayan maiɗakina ta gaji da yi mini tsiya wai na shuka albasar da ba a miya da ita.

Ki huda gindin bokitin ruwa ya riƙa fita. Kada ki binne ƙwayar duka, ki bar wuyanta a waje. Taki kuwa busasshen kashin shanu wanda ya ruɓe ya isa. Yuriya ganye kawai za ta ƙara miki. Kuma kada ki yanke ganyen yana kore, shi ke tara wa ƙwayar abincin furen baɗi. In kin ga wata baƙar tsutsa mai ɗigon fari tana huda ganye, ki tsince ta da hannu tun ba ta gangara cikin ƙwayar ba.

Ƙwayar tana da guba, kuma ta yi kama da albasar miya. Ki nisanta ta da madafa, da yara, da awaki.