Yawan ambaton maƙalun likitan zuciya ne ma'aunin gwanintarsa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun likita a Garwa, ina son rubuta kundina a kan ciwon zuciya. Malamai biyu nake tunanin ɗayansu ya duba mini aikin. Na leƙa Google Scholar na ga ɗaya an ambaci maƙalunsa sau dubbai, lambarsa ta h ta haura 30, amma yana Yawunde, da ƙyar ake samunsa. Ɗayan yana tare da mu a asibiti kullum, amma lambarsa 6 ce kacal. Abokan karatuna sun ce lambar ce ke nuna wanda ya san aiki. Me waɗannan lambobi ke nufi, kuma da su zan yi zaɓi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Na ji daɗi da kika tsaya kika tambaya, domin lambobin nan sun ruɗi manya ma, ba ɗalibai kaɗai ba.

Ambato shi ne wani mai bincike ya rubuta tasa maƙalar, ya sa taki cikin ayyukan da ya kafa hujja da su. Eugene Garfield na Amurka ne ya mai da ƙirga wannan abu sana'a, da kundin ƙididdigar ambato da ya fara fitarwa a 1964. Ita kuwa lambar h, wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya kawo ta a 2005. Ga yadda take. A ce mutum yana da maƙala biyar: ta farko an ambace ta sau 50, ta biyu sau 18, ta uku sau 6, ta huɗu sau 4, ta biyar sau 2. Lambarsa 4 ce, domin yana da maƙala huɗu da kowacce aka ambata aƙalla sau huɗu. Ko da ta farkon nan za ta kai ambato 5,000, lambar tana nan a 4, ba ta motsi. Sannan ba ta taɓa raguwa, ko mutum ya ajiye aiki shekara goma. Kin ga ke nan tana son mai yawan rubutu kuma mai yawan shekaru a fage. Malamin da ya fara wallafawa a 2018 da wuya ya kamo wanda ya fara a 1998, ko da ya fi shi kaifi.

Mutum ɗaya ma yana iya samun lamba uku mabambanta. Google Scholar yana ƙirga kusan komai, har da kundayen ɗalibai, don haka lambarsa ta fi girma. Scopus da Web of Science suna ƙirga mujallun da suka tantance ne kawai, kuma akasarinsu na Turancin Ingilishi ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye a Kamaru da Chadi, inda malamanmu da yawa suka yi shekaru suna wallafawa da Faransanci a mujallun yankinmu. Aikin yana nan, likitoci sun karanta, sun yi amfani da shi, amma ma'aunin bai gan shi ba.

Yanzu mu zo kan fannin zuciya, inda maganar take da nauyi. Abin da aka fi ambata a wannan fanni iri uku ne: ƙa'idojin magani da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka ke fitarwa, manyan gwaje-gwajen magani, da ƙididdigar cututtuka ta duniya wadda a maƙala ɗaya za ki ga sunayen marubuta ɗaruruwa. Duk wanda sunansa ya shiga cikin ɗaruruwan nan, ambaton gaba ɗaya yana hawa kan lissafinsa, ko da abin da ya yi bai wuce aika alƙaluman asibitinsa ba. Aika alƙaluma aiki ne mai amfani, ban raina shi ba, amma ba daidai yake da wanda ya tsara binciken ba. Shi ya sa idan kin buɗe jerin maƙalun mutum, ki fara duba inda sunansa ya faɗo. A al'adar rubutun likitanci, na farko shi ne ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe kuma yawanci shi ne jagoran da ya kula da shi. Malamin da kike nema shi ne wanda za ki ga sunansa a ƙarshe, sunan matashi a farko, sau da yawa. Wannan shaida ce cewa yana ɗaga ɗalibai har su kai ga wallafawa.

Sai kuma batun wace cuta ake magana a kai. Yawan mutane shi ne kasuwa. Toshewar jijiyoyin zuciya tana da dubban masu bincike a ƙasashe masu kuɗi, tun daga binciken Framingham da aka fara a Amurka a 1948 da mutum 5,209, don haka duk maƙala mai kyau a kanta tana da masu ambato jingim. To amma wa kike gani a gadajen asibitinku? Dattijo mai hawan jini da zuciyarsa ta gaji, ƙafafu sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai an jera masa matasan kai. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya lalata mata ƙofofin zuciya. Mai jego da ko arba'in ba ta yi ba, tana haki daga ɗaki zuwa bakin rijiya. Masu rubutu a kan waɗannan kaɗan ne a duniya, saboda haka masu ambatonsu ma kaɗan ne.

Duk da haka, ayyukan da suka canza yadda muke duba majinyata a nan daga irin wannan fage suka fito. Binciken THESUS-HF na 2012 ya bi majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka, har da Kamaru, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne, ƙasa sosai da na Turai. Binciken REMEDY na 2015, wanda marigayi Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu ya jagoranta, ya tattara mutum 3,343 masu lalacewar ƙofofin zuciya, rabinsu ba su wuce shekara 28 ba. Gwajin CREOLE na 2019, ƙarƙashin Dike Ojji na Abuja, an yi shi a ƙasashe shida ciki har da Kamaru, ya nuna haɗin maganin hawan jini da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jini ga baƙar fata fiye da haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Wannan sakamako ne da za ki yi aiki da shi ranar da kika fara rubuta wa mutane magani.

Ciwon zuciyar masu jego kuwa, namu ne na gida. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bayyana yawansa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa. Daga baya binciken da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga talauci, rama, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Har yau ana ambaton tsohon aikin na Zariya, wasu don su goyi bayansa, wasu don su saɓa masa, kuma na'ura duk ɗaya take ƙirga su. Ba ta bambanta yabo da suka.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Wani mai bincike a Amurka, Piero Anversa, ya yi suna a duniya da da'awar cewa akwai ƙwayoyin halitta da ke sake gina tsokar zuciya, an ambaci maƙalunsa sau dubbai, an kashe maƙudan kuɗi ana bin sawunsa, har an yi gwaji a kan majinyata. A 2018 Jami'ar Harvard da asibitin da ya yi aiki suka nemi a janye maƙalu 31 daga ɗakin bincikensa saboda bayanan ƙarya. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, domin mutane masu ciwo ne suka miƙa jikinsu bisa amana.

Kada ki ɗauka ina cewa lambar banza ce. Mutumin da ya kai 30 a fanninmu, galibi ya yi aiki mai yawa, ya san yadda ake tsara bincike, yana da abokan aiki a ƙasashe daban-daban, kuma hukumomin ƙarin girma na malaman jami'a, irin su CAMES mai hedikwata a Wagadugu, suna duba wallafe-wallafe sosai. Maƙalar da ba wanda ya karanta ma ba ta amfani kowa ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da lamba ɗaya alƙali. Su kansu masu bincike sun yi wannan gargaɗi a sanarwar San Francisco ta 2012, cewa a auna aikin mutum da abin da ke cikinsa, a bar dogaro da martabar mujallar da ya fito. Kuma babu lambar da ke gaya miki ko likita ya iya sauraron ƙirji, ko ya iya karanta hoton eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka da sauti, ko yana da haƙurin zama da ɗaliba.

Ga abin da zan so ki yi a makon nan. Ki shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci a intanet, kyauta ne, ki kuma duba African Journals Online saboda mujallun Afirka. Ki ɗauko maƙala uku na kowane malami daga shekaru biyar da suka wuce, waɗanda sunansa ke farko ko ƙarshe, ki karanta su daga kai har ƙafa. Majinyata nawa aka bi, tsawon wane lokaci, nawa suka ɓace a hanya, kuma marubutan sun faɗi raunin aikinsu? Ki lura da mujallun ma. Akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ba, kuma idan kin ga jerin mutum ya cika da irinsu, ki yi hattara komai girman lambarsa. Bayan haka ki nemi ɗaliban da kowannensu ya duba wa kundi, ki tambaye su sau nawa ya zauna da su, kuma kundin ya zama maƙala ko yana can a kabad yana shan ƙura.

Idan son samu ne, ni na fi karkata ga malamin da ke kusa da ke, muddin maƙalunsa sun nuna tsabtar aiki, domin kundin likita a gefen gadon majinyaci ake haɗa shi, kuma za ki buƙaci mai duba miki hoton eko yau da gobe. Sai ki roƙe shi ya gayyato na Yawunde a matsayin mai dubawa na biyu, ya taimaka da tsari da lissafi da zaɓen mujalla. Ana yin haka, kuma malaman kirki ba sa jin haushinsa. Ki buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, tun yanzu, ki tsai da rubutun sunanki iri ɗaya, don kada ayyukanki su warwatse tsakanin rubutun Faransanci da na Ingilishi. In kuma masu jego kika zaɓa, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ki fara, ki riƙa karɓar lambar waya biyu daga kowace mace da yardarta, tata da ta mijinta ko wani ɗan'uwa, domin da yawansu ƙauye suke komawa bayan sallama, kuma sai a wata na shida za ki san wadda zuciyarta ta farfaɗo da wadda ba ta farfaɗo ba.